Itace Tara a Kan Uwar Iri

Masu aikin daji suna da wani labari da suke bayarwa idan sun zauna wasa haƙoran inji, kuma kowa da yadda yake ƙirga itatuwan da ke cikinsa. Wasu su ce bakwai, wasu su ce goma sha biyu. Tara ne. An ƙirga su, an kuma rubuta.

Mutumin da ya jawo abin, Darakta ake ce masa, domin shi ya ce a riƙa ce masa hakan. Shekara ashirin ya yi yana sayar da katako a rumfar da suka gada shi da ƙaninsa. Ya san katako mai tsutsa, ya san wanda zai lanƙwashe idan ya sha rana, ya san wanda ake juya wa mai saye gefensa mai kyau. Daga nan ya yanke hukuncin cewa wanda ya san itace bayan ya zama katako ai ƙarshen labarin ya sani, farkon ba zai gagare shi ba. Ya sayar da rabonsa na rumfa, ya sayi tsohuwar tarakta da injin sara guda biyu, ya buga kati mai hoton bishiya. Ranar da zai tafi ya tara maƙwabtan rumfa ya yi musu jawabi, ya ce ƙaninsa ya zauna yana awon katako har tsufa, shi ya tafi inda katakon yake tsirowa. Ƙanin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ba komai, in yaya ya dawo akwai gurbin mai awo.

A shekarar ne ofishin gandun daji ya fito da sabon tsari. Ba za a ƙara ba kowa kwangilar rage itatuwa ba sai wanda sunansa ke cikin jerin masu bin ƙa'idar aiki. Mai son shiga jerin, za a yanka masa ɗan fili ya yi aikin yini ɗaya, da la'asar jami'ar ofishin ta zo ta duba. Wanda ya faɗi sai baɗi. Matar Darakta, wadda ta ga kuɗin rumfa sun koma ƙarfe mai ɗigar baƙin mai a ƙofar gida, ta ce masa magana ɗaya ce: in sunansa bai shiga jerin nan ba, ranar Litinin ya koma rumfa ƙarƙashin ƙaninsa, da tef rataye a wuya.

Ofishin ya ba shi littafin ƙa'idoji mai shafi sittin. Ya karanta bango, ya karanta jerin abin da ke ciki, ya ce sauran bayani ne aka yi wa waɗanda ba su gane ba.

Ma'aikatansa biyu ne. Akwai Kawu, ƙanin mahaifiyarsa, wanda ya yi shekara talatin da inji a hannu kuma yatsunsa goma suna nan cif. Akwai Direba, ƙanin matarsa, wanda yayarsa ta turo don ya tuƙa tarakta ya kuma kawo mata labari.

Filin da aka ba su dogayen itatuwa ne da aka shuka jeri-jeri. Waɗanda za a sare an ɗiga musu jan fenti. A tsakiya akwai wata ƙatuwar bishiya mai ɗamarar farin fenti, wadda ake kira uwar iri, don daga ita ake tsintar irin da ake shukawa a duk gandun. Ranar da jami'ar ta nuna musu filin ta faɗa sau biyu, a hankali, cewa kowane kuskure yana da gyara, amma uwar iri ko ƙwarzane ba ta so ta gani a jikinta.

Da safe Kawu ya zagaya itacen farko. Ya ɗaga kai ya dubi ƙolinsa, ya dubi inda ya karkata, ya tsinki ganye ya sake shi ya ga inda iska ta kai shi. Ya ce gabas zai faɗi, inda akwai sarari. Darakta ya ce arewa zai faɗi, domin can ne kusa da hanya, lodi zai yi sauƙi.

"Itacen gabas yake so," in ji Kawu.

"Kawu, ni aka ba kwangila, ba itacen ba."

Ya karɓi inji ya yanka baki ta arewa, ya zagaya baya ya ci gaba da yanka. Itacen ya yi ƙara, ya yi ɗan tunani, bai tafi gabas ba, bai tafi arewa ba. Ya bi tsakani, ya je ya kwantar da kansa a cikin rassan uwar iri, ya tsaya a nan a jingine kamar baƙon da ya gaji.

Kawu ya kashe nasa injin. Ya ce wannan shi ake kira rataye, kuma ƙa'idarsa sananniya ce: a zagaye wurin da jan ƙyalle, kada kowa ya shiga ƙarƙashi, a kira ofis su turo babbar mota mai ƙugiya ta sauke shi. Darakta ya dube shi yadda ake duban wanda ya ce a kai ƙara ofishin 'yan sanda don an taka ka. Ranar jarrabawa, mutum ya kira mai jarrabawa ya ce ya faɗi tun tambayar farko? Ya ce su masu daji matsalarsu ba su taɓa zama a kasuwa ba. A rumfa, idan katako ya maƙale a saman tsibi, ba wanda yake kiran ofis. Wani katakon ake jefa masa, su sauko tare.

Kawu ya ce wannan dabarar tana cikin littafin, a shafin abubuwan da aka hana. Darakta ya ce to ka gani, har su sun san da ita.

Ya zaɓi itace na biyu, ya auna da babban yatsa, ya kada shi kan na farko. Ya sauka daidai inda aka nufa, wannan kam dole a yaba masa. Na farko ya ɗan girgiza, ya ƙara nutsewa cikin rassan, na biyu ya kwanta a bayansa.

Darakta ya ce an samu ci gaba, domin yanzu an san nauyin itace ɗaya bai isa ba. Na uku ya kada shi daga ɗaya gefen, don ya ture biyun ta baya. Na ukun ya je ya haɗa kai da su a sama, suka riƙe juna.

Ƙarar ce ta fito da Mai Zuma, wani dattijo da ke da amya a bakin gandun. Ya tsaya nesa, hannu a baya, ya yi musu sannu da aiki, ya tambaya ko bukka ake yi, kuma wane ne mai tsawon da zai shiga. Darakta ya ce aikin ƙwararru ne, ba a tsaya masa a kai. Mai Zuma ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, shi ya sa ya tsaya daga nan. Ya samu kututture ya zauna.

Na huɗu aka kada don ya karya na uku. Na biyar don na huɗu ya kauce kaɗan. Wasu mata masu izinin tsintar ƙirare suka sauke kayansu a bakin hanya suka zauna a kai, ɗaya ta aika a kira maƙwabciyarta. Duk itacen da ya tafi sai su bi shi da ido, idan ya jingina su ce sannu, kamar masu tarbar matafiyi. Kafin na shida sun fara musu kan ta ina zai kwanta, kuma wata mai goyo ta ci sau biyu a jere. Darakta ya ji, ya ce wa Direba ya gaya mata in tana neman aiki ba a ɗaukan mai goyo. Ta aiko masa da cewa ita ma ba ta aiki inda kaya ba sa sauka.

A na bakwai Kawu ya cire fulogin injinsa ya sa a aljihu, ya je ya zauna kusa da Mai Zuma. Ya ce ya yi wa yayarsa alkawarin zai kula da ɗanta, amma bai yi mata alkawarin za a binne su rana ɗaya ba.

Nan kuma aka samu wata matsala: itatuwa masu jan fenti da ke kusa sun ƙare. Darakta ya tsaya ya yi nazari, ya tambayi Direba ko akwai jan fenti a tarakta. Babu. Akwai dai jan ƙyallen da ake zagaye wurin haɗari da shi. Ya yagi ɗan guntu ya ɗaura wa wani lafiyayyen itace, ya ce ja ja ne, ya kada shi. Shi ne na takwas. Na tara kuwa ya fi duka girma, Darakta ya ce shi ne mai yanke hukunci. Ya tafi da ƙara har ƙasa ta motsa, tsuntsaye suka tashi, mata suka miƙe tsaye. Da ƙura ta lafa sai ga shi a saman sauran takwas, a kwance, ya rufe ɗan sararin da ya rage.

Daidai lokacin matarsa ta iso da abincin rana. Ta ajiye kwanuka, ta ɗaga kai ta dubi abin tun daga ƙasa har sama, ta ƙirga da leɓe. Ta tambayi ƙaninta nawa ne suka kai ƙasa tun safe. Ya ce ganye dai ya sauko da yawa. Ta ce wa mijin ya ci abinci da kyau, ita za ta koma ta wanke masa tsohuwar rigarsa ta rumfa tun rana ba ta yi sanyi ba.

Bai ci ba. Ya zagaya ginin nasa daga nesa sau biyu, sai dabara ta zo masa, kuma ya yi mamakin yadda ba ta zo wa kowa ba a shekara talatin. Kuskuren duka shi ne ana ta dannawa ƙasa. Abin da ya maƙale ɗaga shi ake yi. In aka ɗaura igiyar ƙarfe a wuyan itacen farko, aka ratsa ta kan babban reshen uwar iri da ke sama da shi, aka ja da tarakta, zai ɗan ɗagu ya kuɓuce, sauran su biyo shi cikin ladabi.

Direba ya ce ba zai hau ya ɗaura igiyar ba. Darakta ya naɗe ƙafar wando, ya rataya igiya a kafaɗa, ya bi bayan itace na tara da rarrafe kamar mai hawa gada. Kawu ya rufe ido yana motsa baki. Mai Zuma ya riƙa ba shi labarin abin da ke faruwa: ya kai rabi, takalmi ɗaya ya faɗo, ya ɗaura, yana dawowa da baya. Ya sauko da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ƙulla ɗaya bakin igiyar a bayan tarakta, yana cikin karkaɗe riga motar ofis ta tsaya a bakin hanya.

Jami'ar ba ita kaɗai ta zo ba. Ta taho da 'yan kwangila uku da ke jiran tasu ranar, don su ga yadda ake dubawa. A bayansu kuma ga ƙanin Darakta a kan babur, ya zo ganin ko akwai gungumen da zai saya wa rumfa.

Jami'ar mace ce marar gaggawa. Ta fito, ta sa hular kwano, ta ɗauki allon takardunta, ta dubi abin da ke tsakiyar fili na tsawon lokacin da mutum zai sha kofin ruwa. Sannan ta ce kowa ya ja baya tsawon itace biyu, har masu ƙirare. Da aka ja, ta tambayi wane ne shugaban aiki.

Darakta ya matso yana ɗingishi ya ce shi ne, ranki ya daɗe, kuma ta yi sa'a, domin ita ce jami'a ta farko da za ta ga sabuwar hanya. Ya ce itacen da aka kada ƙasa yana shan laima, gara ta hau shi, laka ta ɓata shi. Shi a tsaye yake busar da nasa, a sama, inda iska take. Idan sun bushe sai a sauke su gaba ɗaya, lodi ɗaya. Ɗaya daga cikin 'yan kwangilar ya tambaya a ina ake koyar da wannan. Darakta ya ce ba a fara ba tukuna.

Jami'ar ta rubuta. Ta tambaya ina hanyar gudu da aka share kafin kowane yanka. Ya ce a kamfaninsa ba a gudu. Ta rubuta. Ta tambaya me ya sa kututture na takwas ba shi da fenti. Ya ce fentin yana sama, ya tafi da itacen. Ta tambaya ina ɗaya takalmin. Ya ce yana cikin aikin.

Ta juya wajen Kawu ta gaishe shi da Baba, ta tambaye shi abin da ya gani. Kawu ya ce ɗan yayarsa ne, ba zai yi masa shaida ba, amma ga fulogi a aljihunsa tun na bakwai.

Ta rufe allon. Ta ce an dakatar da aiki. Za ta kira mota mai ƙugiya, sai dai tana wani gandun, ba za ta iso ba sai gobe da hantsi. In aka sauke itatuwan ɗaya bayan ɗaya aka ga uwar iri ba ta ji rauni ba, za ta roƙa a sake ba shi rana, domin ba wanda ya mutu, kuma wannan ma wani abu ne. Abin da ake so daga gare shi kawai shi ne kada ya ƙara taɓa komai.

Wata dama ce, kowa ya gane, har masu ƙirare. Amma Darakta ya hango ƙaninsa zaune kan babur, yana kallon sama, yana murza tef ɗin awo a hannu. A ce gobe mota ta zo ta kwance masa aiki a gaban wannan yaron? Ya ce ranki ya daɗe ba sai an wahalar da mota ba, minti ɗaya ya isa. Kafin ta buɗe baki ya haye tarakta ya tayar.

Dabarar ta yi aiki, wannan ma dole a yaba masa. Igiya ta miƙe, itacen farko ya ɗagu kamar taƙi ɗaya, ya kuɓuce daga inda ya maƙale. Abin da ba a lissafa ba shi ne sauran takwas a kansa suke. Duka taran suka taho ƙasa tare, suka ja igiyar, igiyar ta zarce ta kan reshen uwar iri tana feƙe ɓawo, ta ja tarakta da baya. Tayoyi suna juyawa gaba, tarakta tana tafiya baya. Ta bi ta kan kwanukan abinci, ta isa gindin bishiyar, bayanta ya ɗagu, gabanta ya biyo. Sai komai ya tsaya. Itatuwa tara suna lilo ta wancan gefe, ba su kai ƙasa ba. Tarakta tana lilo ta wannan gefe, hancinta ƙasa, tsayin mutum biyu daga ciyawa. Darakta yana rungume da sitiyari, gwiwoyinsa a kan gilashin fitila. Injin ya yi tari ya mutu. Daga sama irin bishiyar na shekara guda ya zubo kamar ruwan sama, yana ƙwanƙwasa hulunan mutane, bayansa wani dogon ɓawo mai ɗauke da farin fenti ya sauko a hankali ya kwanta a tsakiyar fili.

Mai Zuma ne ya fara magana, ya ce yau dai an san nauyin Darakta: shi da tarakta, itace tara ne daidai.

Jami'ar ta tambaya daga inda take ko ya ji ciwo. Ya ce ko kaɗan, daga nan ma an fi ganin aikin. Ta ce kada ya motsa, kada ya yi tsalle, domin in nauyinsa ya bar taraktar ba wanda ya san abin da zai sauko da abin da zai hau. Ta sa Kawu da Direba suka zagaye wurin da abin da ya rage na jan ƙyalle. Ta sake buɗe allon, ta ƙirga, ta rubuta, ta ɗauki hoto ta gaba da ta gefe. 'Yan kwangilar uku suka tambaya ko su ma za a ba su hoton.

"Ranki ya daɗe," in ji Darakta daga sama, "maganar jerin fa?"

"Babu sunanka bana."

"Baɗi fa?"

"Sai mun ga ko bishiyar za ta rayu."

Ya gyara riƙon sitiyari. Ya ɗaga murya yadda na bakin hanya za su ji, ya ce a shaida, shi ne ya janye takardarsa da kansa, domin ya lura ofishin bai kai matsayin da zai fahimci aikinsa ba tukuna. Ƙaninsa ya ce ya shaida, kuma ƙarfe bakwai ake buɗe rumfa. Ya tayar da babur ya tafi. Masu ƙirare suka ɗora kayansu. Jami'ar ta koma mota tana waya, tana roƙon masu ƙugiya su yi asubanci.

Da wurin ya rage daga Kawu sai Direba da ke tsince kwanuka a wajen ƙyalle, Darakta ya sassauta murya.

"Kawu. Yaya ake sauka daga nan?"

Kawu ya zauna kan kututture, ya ciro fulogi daga aljihu ya hura shi, ya goge da bakin riga.

"Hanya biyu ce, ɗan nan. Akwai ta littafi, ka kwana a nan har mota ta zo. Akwai kuma taka." Ya nuna wani dogon itace da ke tsaye a bayan tarakta. "In kada maka shi?"

Darakta ya waiga a hankali ya dubi itacen, ya dubi ƙasa ta tsakanin gwiwoyinsa.

"A aiko mini da bargo," ya ce.